Shinkafar da Na Tauna a Kalgo

Ni da taubashina damina ɗaya aka haife mu, ni a Gwandu, shi a Kalgo. Ɗan kawuna ne, yayan mahaifiyata, don haka a wasan da ke tsakanin ɗan mace da ɗan namiji shi ne ubangida, ni ne bawa. Tun muna yara yake kirana bawana, kuma har yau da furfura ta cika mana gemu bai daina ba. A lokacin ƙuruciya sunan bai taɓa yi mini zafi ba, domin kowa a dangi ya san wanda ke gaba. Ni ne mai karatu. Na ci jarrabawa na wuce kwalejin aikin gona, shi kuwa sai da ya maimaita aji, daga baya aka samar masa kwas na duba-gari da ƙyar. Idan an taru a gidan kawu ana wata shawara, ni ake juyowa a tambaya. Shi ana aikensa ne ya nemo kujeru.

Da muka gama, ni na kama aiki a sashen gona na ƙaramar hukumarmu, shi a sashen lafiya na tasu. Aikina zagayen ƙauyuka ne, rabon iri da taki, da koya wa manoma yadda ake adana amfani. Aikinsa yawo ne a kasuwa da tasha, yana leƙa tukwanen mata masu sayar da abinci, yana faɗa a kan ƙudaje da ruwan wanke kwano. Ya taɓa gaya mini cewa da zarar an hango kakinsa daga nesa, sai ka ga mata suna ɗaukar faranti a ka suna shigewa lungu.

Akwai abin da ya daɗe yana damuna a wancan lokaci. Duk kaka ina Kambaza ina kallon manyan motoci suna lodin gero da dawa da araha suna ficewa. Manomi ba shi da yadda zai yi, ga biki, ga suturar yara, ga rufin ɗaki da ya zube. Idan damina ta yi nisa, rumbu ya koma fanko, sai wannan manomin ya shigo kasuwar Gwandu ya sayi hatsin da ya noma da tsadar da ba ta da kunya. Ni har na kai ina iya gane watan da ake ciki daga girman malmalar tuwon bakin tasha. Da kaka takan cika tafin hannu biyu, da marka kuwa sai ta koma kamar ƙwan zabuwa, kuma leburori da 'yan kabu-kabu da ke rayuwa a kanta su ne ke shan wuya.

Sai na zauna na rubuta tsari. Na ce ƙaramar hukuma ba aikinta gyaran kwalbati da karɓar harajin kasuwa kaɗai ba ne, ya kamata ta san abin da mutanen gari ke ci da inda yake fitowa. Ta sayi hatsi da kaka daga hannun manomanmu, ta adana, ta fitar da shi da marka ga masu dafa abincin sayarwa da makarantu. Na zana fasalin sito, na tsara kwamiti da ƙaramin kwamiti, na ƙirƙiri takardu kala uku da za a riƙa cikewa. Abin ya haura shafi arba'in. Na sa aka buga mini, aka yi masa bango mai kyau, na kawo gida na ajiye a akwati.

Shekara uku yana cikin akwatin. Ba wanda ya hana ni miƙa shi. Ni ne nake jiran ciyaman da zai gane darajarsa, kuma ina tsoron kada in miƙa wa daraktanmu ya cire sunana ya sa nasa. Mutumin kirki ne, bai taɓa yi mini haka ba, amma haka na riƙa saƙawa.

A cikin shekara ta uku aka yi wa ƙanen taubashina haihuwa, muka tafi Kalgo suna. Bayan an watse daga raɗin suna muna zaune a zaure ana shan fura, sai ya fara kukan aikinsa.

"Na gaji da korar mata," in ji shi. "Ka ce su rufe abinci, su ce da mi za su sayi murfi. Ka ce su canza ruwa, su nuna maka nisan rijiya. Yau ka kore su, gobe suna nan. Kuma ni kaina a wurinsu nake cin abincin rana."

Ni kuwa na samu inda zan baje kolina. Na gyara zama na zayyana masa tsarin nan tun daga kan motocin kaka har zuwa takarda ta uku. Ya saurara yana juya ludayi a cikin ƙwarya. Da na gama sai ya ce, "To bawana, su matan mi suka ce?"

"Waɗanne mata?"

"Masu tuwon. Ka tambaye su?"

Na yi dariya, na ce ai wannan magana ce ta manufa, ba ta bakin murhu ba. Shi ma ya yi dariya, ya ce in ƙara masa fura tunda ni ne bawa. Maganar ta wuce a nan, kuma na manta da ita.

Kusan shekara ɗaya da rabi bayan haka, wata safiyar Talata, darakta ya dawo daga wani taro a Birnin Kebbi ya tara mu a ofishinsa. Ya fito da waya ya nuna mana bidiyo. Wata doguwar rumfar kwano ce a gefen kasuwa, mata jere a ƙarƙashinta kowace da tukunyarta a rufe, ga famfo a tsakiya, ga wani ɗaki a ƙarshe cike da buhuna. Sai ga fuskar taubashina ta cika wayar, yana bayani yana ɗaga hannu kamar yadda yake yi tun yana yaro.

"Ku ga abin da Kalgo suka yi," in ji darakta. "Sun haɗa manoman shinkafa da masu abinci, sun ba su wurin ajiya da ruwa. Kuma wai wani duba-gari ne ya kawo shawarar. Mu masu sashen gona muna ina?"

Na buɗe baki zan ce tsarina ne, sai na tuna babu wanda ya taɓa ganinsa a ofishin nan. Wani abokin aikina ya ce, "Ai kamar ɗan'uwanka ne ko?" Na ce eh, taubashina ne. Ya ce ashe gidanku akwai masu basira. Na san bai yi nufin komai ba, amma har na koma gida kalmar tana yi mini yawo a kai.

Daga ranar duk inda na juya sai labarin Kalgo. Matata ta je biki ta dawo tana ba ni labarin yadda ake yabonsa. Mahaifiyata, wadda a da ba ta kiran sunansa sai ta haɗa da "wannan shashashan", ta ce ashe ɗan yayanta yana da rabon suna. Shi kuma bai kira ni ba. Na jira ya kira ya ce, bawana, maganarka ce fa na ɗauka. Sati biyu, uku, shiru. Daga baya na gane cewa ya kira sau biyu ban ɗauka ba, amma a lissafina na lokacin wannan bai shiga ba, domin ni so nake ya zo da ƙafarsa.

Wata Asabar na ce wa matata zan je Birnin Kebbi neman maganin feshi. Na je ɗin, amma daga can na shiga motar Kalgo. Na sa tsohuwar riga da hular da ba a san ni da ita ba. Ba don in koya na je ba. Aibi na je nema.

Na isa da hantsi. Rumfar ta fi yadda na gani a waya tsafta, kuma wannan ya ɓata mini rai. Ƙasa a share take, kowace mace da bokitin ruwa biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya. Na zauna a kan benci a gaban wata dattijuwa mai faɗin fuska, wadda na ji sauran suna kira Inna, na ce a sa mini tuwon shinkafa da miyar yakuwa. Ta sa mini har da gutsuren busasshen kifi. Malmalar cikakkiya ce. Na ci, kuma dole in faɗi gaskiya, ya yi daɗi.

"Malam baƙo ne?" in ji ta.

"Daga Gwandu nake. Na ji labarin wurin nan ne."

Sai ta saki jiki. Ita ce shugabar matan, kuma a fili yake tana son ba da labarin. Ta ce duba-garin nan da suke gudu, wata rana ya zo ba kaki, ya zauna a kan turmi ya ce shi yau ba kama kowa ya zo yi ba, tambaya ya zo yi. Da farko sun ɗauka dabara ce. Ya yi ta dawowa har suka fara magana. Ya zo musu da batun hukuma ta sayi hatsi ta ajiye ta riƙa sayar musu, suka ce a'a.

"Muka ce mai, in hukuma ta riƙe makulli, ranar da muka zo awo za a ce mai sa hannu ya tahi taro. Tukunya ba ta jiran taro. Mu dai a ba mu ɗaki da ruwa da inuwa, a haɗa mu da manoman Wurogauri da Dangoma mu saya da kanmu tun da kaka, ba sai ta bi hannu uku ba."

Haka kuwa aka yi. Ya kai maganar gaban ciyaman ɗinsu, aka ba su wani tsohon ɗakin ajiya da ke kasuwa, aka ja musu ruwa, aka kafa rumfa. Su kuma suka yarda a riƙa duba lafiyarsu da tsaftar wurinsu. Ba kwamiti, ba takarda kala uku. Ina jin ta ina lissafa abin da ya rage na tsarina a ciki, kuma abin da ya rage bai fi ƙashin baya ba. Na rasa wanda ya fi ciwo, a ce ya sace tsarina, ko a ce ya ɗauka ya ga bai isa ba ya gyara.

Na tambayi inda yake, ta ce ya tafi Dangoma. Sai ta ce in zo in ga ɗakin. Kwaɗo biyu ne a ƙofar. Makullin ɗaya yana ɗaure a bakin zaninta, na biyun yana wurin wani dattijo mai gadin kasuwa, wanda ke riƙe shi a madadin hukuma. Ta kira shi ya buɗe nasa, ta buɗe nata.

Tun daga bakin ƙofa na ji iskar ɗakin ta yi nauyi. Buhunan shanshera ne, wato shinkafar da ba a cashe ba, an jibge su tun daga ƙasa har kusa da rufi. Kowane buhu da alamar mai shi, wata zare ja, wata ƙullin tsumma, wata zanen gawayi. A kan siminti tsura aka ɗora su, ba katako a ƙasa, an manna su da bango, kuma tagar ɗakin guda ɗaya an toshe ta da kwali saboda ɓeraye. Na tura hannu cikin wani buhu na ƙasa da bakinsa ya ɗan buɗe. Da ɗumi. Na ɗebo 'yan ƙwayoyi na murje, na jefa ɗaya a baki na tauna. Busasshiyar shinkafa ƙas take yi a haƙori. Wannan lanƙwasa ta yi.

Duk ɗalibin shekarar farko a kwalejinmu ya san ma'anar wannan. An ɗura ta ba ta gama bushewa ba, kuma idan aka bar ta haka, ta ƙasa za ta yi hunhuna cikin 'yan makonni. Maganin kuma ba wuya, a fito da ita a shanya kwana biyu, a sa katako, a janye daga bango, a buɗe taga a sa raga. Bayanin bai fi na minti biyu ba.

Inna tana kallona tana murmushi. "Ka ga arziki ko, Malam?"

"Madalla," na ce. "Allah ya sa albarka."

Na fito, na shiga mota, na dawo Gwandu. A hanya na lura da wani abu a jikina da har yau nake jin kunyarsa. Nauyin da na yi wata guda ina ɗauke da shi a ƙirji ya sauka. Har hira na yi da direba.

Matata ta ga canjin tun kafin in cire takalmi. Ta kawo mini ruwa ta ce, "Malam, maganin feshin ne ya sa ka fara'a haka?"

Ban iya ɓoyewa ba. Na gaya mata inda na je, na ce abin nasu ba zai je ko'ina ba, shinkafarsu ba ta bushe ba.

"Ka gaya musu?"

"Ba wanda ya tambaye ni."

Ta tsaya da kofin a hannu ta dube ni. Ta ce, "Ga waya nan, ka kira shi." Na ce zan kira. Washegari ta sake tambaya, na ce ai shi ne gwani, bari ya gano da kansa. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, amma kwana biyu tana ajiye mini abinci ta fita ba tare da ta zauna ba.

Na gaya wa kaina abubuwa da yawa a makonnin da suka biyo baya. Wataƙila buhu ɗaya ne kawai. Wataƙila ma'aikatan gonarsu za su duba. Ba huruminmu ba ne. Amma a ƙasan duk waɗannan na san abin da nake jira. An riga an sanar cewa ciyaman ɗinmu zai kai tawaga Kalgo don ganin tsarin, kuma sunana yana cikin jerin. Ina ajiye abin da na sani ne don wannan ranar.

Sati biyar bayan zuwana muka tafi, mota biyu, da ciyaman da kansiloli uku da darakta da mu 'yan sashe. An jera kujerun roba a gaban rumfar. Taubashina ya tarbe mu cikin farar shadda sabuwa, ya riƙe hannuna ya ce wa ciyaman ɗinmu, "Ranka ya daɗe, wanga bawana ne, a riƙa ba shi aiki mai nauyi." Aka yi dariya, ni ma na yi. Da ya tashi bayani sai ya ce asalin maganar a bakin wani ɗan'uwansa ya fara jin ta, a zauren gidansu, kuma ga shi nan zaune. Ya nuna ni. Mutane suka juyo, wasu suka gyaɗa kai, ya ci gaba da zancen famfo. Abin da na yi wata biyu ina jira ke nan, kuma da ya zo sai na ji ya yi mini kaɗan. Jimla ɗaya, tsakanin gaisuwa da famfo.

Aka buɗe ɗakin. Manya suka leƙa daga bakin ƙofa suna yabo. Sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ranka ya daɗe, ina da tambaya. An gwada bushewar shinkafar nan kafin a ɗura ta? Ina roƙon a fito da buhu ɗaya daga can ƙasa."

Taubashina ya dube ni, sannan ya sa aka janye na sama aka jawo ɗaya. Gindin buhun ya yi baƙi. Da aka farke shi wani wari ya tashi kamar na tsohuwar rijiya. Shinkafar ta dunƙule, ta yi kore da toka-toka. Aka jawo na biyu, haka. Na uku, haka. Matan da ke bakin tukwane suka bar wuta suka matso. Ba wadda ta yi kuka a lokacin. Kowace idonta na kan alamar da ke jikin buhun da ake fitowa da shi.

Na fara bayani a kan danshi da siminti da iska, da muryar da nake koyar da manoma. Ina tsakiyar magana Inna ta matso gabana ta ƙura mini ido.

"Malam, ba kai ne ka zo ranar Asabar ɗin nan ba? Na sa maka tuwo da yakuwa."

Na ce ni ne.

"Ka sa hannu cikin buhu, ka tauna. Ina kallonka. Tun ranar ka gani?"

Ba da ƙarfi ta yi maganar ba. Manya suna can gefe suna toshe hanci, ban jin sun ji. Amma taubashina yana tsaye kusa da ni, kuma ya ji. Inna ba ta jira amsa ba, ta juya ta koma wajen buhunan.

Na jira ya yi magana. Da ya zage ni a gaban kowa da na samu abin riƙewa. Ya cire hularsa ya share goshi, ya ce, "To bawana, yanzu mi za a yi? Wace za ta tsira?"

Na naɗe hannun riga. Aka nemo tamfol aka shimfiɗa a filin kasuwa, muka fito da buhunan duka. Na sama da na tsakiya mafi yawa sun tsira, sai shanya. Layi biyu na ƙasa sun tafi. Na ce wadda ta yi baƙi kada a ci, kada a ba dabbobi, a haƙa rami a binne. A nan ne wata mata ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Matashiya ce, mijinta ya rasu ya bar ta da yara, kuma ita ce ta fara amincewa da tsarin tun sauran suna ɗari-ɗari. Saboda ita ta fara kawo nata, buhunanta ne a can ƙasa. Alamarta zare ja ne. Kusan duk abin da muka binne ranar mai jan zare ne.

A hanyar komawa darakta ya dafa kafaɗata a cikin mota ya ce na fitar da sashenmu kunya. Ciyaman ya ce ashe mu ma muna da masana, ba sai mun je aro ba. Na ce na gode, ranka ya daɗe. Ina so in ce yabon ya yi mini ɗaci a baki, amma ba haka aka yi ba. Ya yi mini daɗi har wajen Kambaza, sannan fuskar matar nan ta dawo.

Asabar huɗu a jere na koma Kalgo. Na sa kafinta ya yi katakon ɗora buhu, muka buɗe taga muka sa raga, na koya wa matan gwajin danshi na haƙori da na gishiri a kwalba. Taubashina yana tare da ni kowace rana, yana tsokanata kamar kullum, kuma ko sau ɗaya bai tayar da maganar Asabar ɗin farko ba. Na so ya tayar. Na shirya amsoshi, har da neman gafara na shirya, amma bai ba ni ƙofa ba, ni kuma ban da ƙarfin buɗe ta da kaina. Inna tana amsa gaisuwata a taƙaice, kuma ba ta sake sa mini kifi a miya ba.

Sauran matan suka tattara wa mai jan zare mudu-mudu daga nasu, ni ma na aika da buhu biyu ta hannun matata, ban ce daga wa ba. Duk da haka bai kai ta ƙarshen damina ba. Ta rufe tukunyarta ta koma gidan iyayenta a Wurogauri. An ce mini bayan shekara ta dawo rumfar, daga baya kuma ta yi aure ta bar garin. Ban taɓa yi mata magana ba, kuma ban san ko an gaya mata ba.

A kakar da ta biyo baya aka ce mu ma mu fara namu a Gwandu, aka damƙa mini. Wannan karon na je bakin tasha na zauna a kan benci na yi tambaya. Namu matan ba shinkafa ce damuwarsu ba, gero ne da itacen girki, kuma suka ce ba su son ɗaki ɗaya, a raba biyu saboda masu fura ba su jituwa da masu tuwo. Na bi abin da suka ce. Muka haɗa su da manoman Kambaza. Ko buhu ɗaya bai taɓa lalacewa a hannunmu ba, kuma har na yi ritaya malmalar bakin tasha ba ta ƙara komawa ƙwan zabuwa ba. A ganina namu ya fi nasu tsari nesa ba kusa ba. Amma duk Gwandu ba wanda ke kiransa da wani suna sai "irin na Kalgo". Har matan da na zauna da su haka suke cewa.

Taubashina kuwa aka yi masa ƙarin girma, aka riƙa gayyatarsa wasu ƙananan hukumomi yana yi musu bayani. Ya yi ƙiba, ya sayi mota, ya iya magana a gaban jama'a. A gidan kawu yanzu idan ana shawara shi ake fara tambaya, sannan a juyo gare ni don cikawa.

Bara wasu 'yan gidan rediyo suka je yin shiri a kan rumfar. Da suka tambaye shi batun ajiya sai ya ce shi bai san komai a nan ba, su zo Gwandu wurin bawansa. Suka zo kuwa, wata budurwa da wani mai riƙe na'ura. Na sa aka share zaure, na sa babbar riga, na yi musu bayani na kusan awa guda, tun daga girbi har zuwa ɗinkin bakin buhu. Budurwar ta ce ba ta taɓa jin wanda ya san hatsi kamata ba.

Ranar da za a sa shirin na gaya wa maƙwabta, na kira 'ya'yana da ke nesa na ce su kunna. Muka zauna a tsakar gida bayan la'asar ni da matata. Taubashina ya yi magana, Inna ta yi magana, har mai gadin kasuwa ya yi magana. Can kusa da ƙarshe aka ce wani tsohon ma'aikacin gona ya shawarci manoma su riƙa busar da amfani sosai kafin ajiya, sai aka sa muryata tana cewa, "A tauna a ji." Daga nan aka shiga sanarwar ɗaurin aure.

Kafin in kashe rediyon wayata ta yi ƙara. Shi ne. Matata ta miƙo mini, na ce ta ajiye, zan kira shi in na yi sallah.